Wahalar Ma'aikatan Jinya da Haƙƙinsu a Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, da wuya a zauna a majalisa, ko a rumfar kasuwa ko a ofis, a ɗauko zancen asibiti ba a ƙare da zagin nas ba. Wannan ya ce ta daka wa matarsa tsawa tana kan gwiwa, wancan ya ce ya kira ta cikin dare ta ƙi tasowa, wani kuma ya ce sai da ya nuna ko shi wane ne kafin a dubi mahaifinsa. Ba mu ƙaryata masu waɗannan koke-koke ba, domin akwai gaskiya a cikin da yawa daga cikinsu, kuma za mu zo kansu in Allah ya yarda. Amma shari'a ba ta yarda alƙali ya yanke hukunci da jin bakin mai ƙara kaɗai ba. Saboda haka a wannan mako muna so mu duba halin da ma'aikatan jinya suke ciki, maza da mata, da irin wahalar da suke sha, sannan mu ga abin da Musulunci ya ɗora mana game da su.

Abin da muke so mu tabbatar shi ne, jinyar mara lafiya farilla ce ta kifaya, wato wajibin da yake kan al'umma gaba ɗaya, idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuma kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ma'aikacin jinya kuwa shi ne wanda ya tsaya da wannan farilla a madadinmu. Ɗan kasuwa yana rumfarsa yana ciniki, ma'aikaci yana ofis, malami yana zaurensa yana ba da karatu, dukkansu an ɗauke musu wannan nauyi ne domin akwai wata baiwar Allah da ta kwana a tsaye a kan marasa lafiyarsu. To, wanda ya ɗauke maka nauyin da Allah ya ɗora maka, wahalar da ya sha a kai bashi ce a wuyanka.

ASALIN WANNAN AIKI

Wasu suna zaton aikin jinya baƙon abu ne da Turawa suka kawo tare da farin tufa. Tsarin makarantunsa da jarrabawarsa na zamani lalle daga wurinsu ya zo mana, amma aikin kansa yana nan tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman sira sun ruwaito cewa Rufaida Al-Aslamiyya, Allah ya yarda da ita, tana da tanti a masallacin Madina inda take kula da masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su. A yaƙin Handaƙu, wato yaƙin gwalalo, cikin shekara ta 5 bayan hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu shugaban Ausu a jijiyar hannu, Annabi ya yi umarni a sa shi a tantinta domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ummu Aɗiyya ta ba da labarin cewa ta fita yaƙi 7 tare da Manzon Allah, tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana tsayawa a kan marasa lafiya. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu. Waɗannan mata babu wanda ya zarge su da zubar da mutunci, sunayensu suna cikin littattafan da muke karantawa da alwala.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Dini. Har ya koka da mutanen zamaninsa, cewa ga garuruwa da yawa babu likita Musulmi a cikinsu, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu waɗanda an riga an sami masu tsayawa da su. Wannan kuka na Gazali har yau bai tsufa ba a ƙasarmu.

NAUYIN AIKI DA RASHIN BARCI

Wahala ta farko ita ce ƙarancin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa akwai ma'aikatan jinya wajen miliyan 27.9 a duniya, ana kuma da giɓin miliyan 5.9, kuma mafi yawan giɓin yana ƙasashe irin namu. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ba ya bukatar rahoto, domin gani ya kori ji. Ba abin mamaki ba ne a tarar da nas ɗaya ko biyu cikin dare a ɗakin da ke da gado 30, wani lokaci har da waɗanda aka shimfiɗa wa tabarma a ƙasa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da za a yi masa a kan lokaci. Wannan a auna zafin jikinsa da hawan jininsa, wancan a yi masa allura, wani a sauya masa ledar ƙarin ruwa kafin ta ƙare, wani a wanke masa rauni. Wanda ya daɗe a kwance ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi bayan kowace awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya. Duk abin da aka yi kuma sai an rubuta, domin likita da safe abin da aka rubuta zai duba. Likita yakan zaga ya ba da umarni ya wuce, nas ita ce take zama da mara lafiya har gari ya waye. Idan wutar lantarki ta ɗauke, kuma babu man janareta, da fitilar wayar hannu za ta nemi jijiyar jariri ta sa masa allura. Saboda haka wanda ya kira ta ba ta zo nan take ba, ya kyautu ya fara tambaya a kan gadon wa take, kafin ya yanke cewa wulaƙanci ne.

Ana raba aikin kashi uku, safe da rana da dare, kuma a asibitoci da dama mai aikin dare takan yi darare a jere kafin ta huta. Allah ya sanya dare domin hutu, jikin ɗan Adam kuma a kan haka aka gina shi. Mace mai aure idan ta sauka da safe ba barci ke jiranta a gida ba, yara ne da girki da haƙƙin miji. Ɗaga manyan mutane daga gado zuwa keke yana bar wa da yawa cikinsu ciwon baya tun ba su tsufa ba. Ga kuma abin da mutum ba ya iya yi wa mahaifinsa sai da ƙyar, na kwashe amai da bahaya da mugunya, su suna yi wa wanda ba su taɓa gani ba, kullum.

SAYAR DA RAI

Wahala ta biyu ta fi ta farko, domin ta shafi rai. Allurar da aka yi wa mara lafiya tana iya kuskurewa ta soki hannun mai yin ta. Masana sun tabbatar cewa idan mara lafiyan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ma'aikacin ba a yi masa rigakafi ba, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Na ƙanjamau kuwa wajen 3 ne cikin 1,000, amma duk da haka sai an fara shan magani kafin awa 72 su cika, a yi kwana 28 ana sha, sannan a zauna jiran sakamakon gwaji. Mai karatu ya auna halin matar aure da ta koma gida da wannan fargaba a zuciyarta, saboda kawai ta je taimakon wani.

Zazzaɓin Lassa da yake kashe mutane kowace shekara a ƙasar nan, a jikin ma'aikatan jinya aka fara gane shi. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da shi a garin Lassa, wanda yake Jihar Borno a yau. Aka ɗauko ta zuwa Jos ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka sannan ta tsira. Ba Musulmi ba ne, amma adalci ya sa a ambace su, domin a kan aikin jinya suka gamu da abin da suka gamu da shi. A 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da wata nas mai suna Justina Ejelonu. Da waɗannan ma'aikata sun gudu, Allah kaɗai ya san inda cutar za ta tsaya. A lokacin annobar korona kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 suka rasu daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021. A lokacin da aka ce kowa ya zauna a gida, su aka ce su fito.

Akwai kuma abin da ya fi cuta muni, wato zaluncin ɗan Adam. Ranar 1 ga Maris 2018 'yan bindiga masu ikirarin jihadi suka kai hari garin Rann a Jihar Borno, suka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa, ungozoma, suka kashe ta a watan Satumba na shekarar. Hauwa Mohammed Liman, ita ma ungozoma, suka kashe ta a watan Oktoba. Alice Loksha, nas, ta shafe fiye da shekara 6 a hannunsu kafin ta kuɓuta a 2024. Waɗannan mata sun bar gidajensu ne domin su karɓi haihuwar 'yan gudun hijira. Babu wani littafi na Musulunci da ya halatta jininsu, kuma wanda ya zubar da shi zai tsaya gaban Allah ya amsa. Allah ya jiƙan Saifura da Hauwa, ya sa aikinsu ya zama hujja a gare su.

CIWON ZUCIYA DA HARSHEN MUTANE

Wahala ta uku ba a ganinta a jiki. Mafi yawanmu mukan ga fitar rai sau kaɗan a duk tsawon rayuwa, kuma kowane ɗaya yakan daɗe yana damunmu. Ma'aikacin jinya yana iya gani sau biyu ko uku a dare ɗaya, ya rufe wa mamaci ido, ya wanke hannu ya wuce gado na gaba, domin mai rai yana jira. Mafi ɗaci shi ne mutuwar da ya san da an sami abin aiki da wataƙila Allah ya kawo sauƙi: mace tana zubar da jini babu jinin da za a ƙara mata, yaro yana fama da numfashi tukunyar iska ta ƙare, an rubuta magani uba ya fita nema bai dawo ba saboda babu kuɗi. Akwai ma'aikatan da suke sa hannu a aljihunsu su sayi magani a irin wannan hali, amma albashin mutum ɗaya ba ya ɗaukar talaucin gari. Idan shekaru suka yi yawa a haka sai zuciya ta gaji, wani ya zama mai yawan shiru, wani mai saurin fushi. Tsawar da muke kuka da ita sau da yawa daga nan take tasowa, ruwa ba ya tsami banza.

Sannan idan rai ya yi halinsa, wanda yake tsaye a wurin shi ake kamawa. Likita ya tafi, shugaban asibiti yana gida, wanda ya hana kuɗin magani yana babban birni, sai 'yan'uwan mamaci su auka wa nas da zagi, wani lokaci har da duka. Wannan haramun ne babu shakka. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya san aikin magani, aka ba shi izini, ya yi yadda ake yi bai yi sakaci ba, babu lamuni a kansa idan mara lafiya ya rasu, domin ajali na Allah ne. Lamuni yana kan wanda ya shiga aikin da bai sani ba, ko wanda ya yi sakaci ko ganganci, kuma ko shi ma alƙali ne zai tabbatar da laifinsa bayan ya ji masana. Babu inda aka ba mai baƙin ciki damar ya zama alƙalin kansa a ƙofar ɗakin haihuwa.

Mata ma'aikatan jinya suna da wani ƙarin nauyi a ƙasarmu, shi ne harshen mutane. Saboda tana kwana a wurin aiki, kuma tana aiki tare da maza, sai ka ji ana jifanta da maganganun da ba su da shaida, har wasu iyaye su hana ɗansu aurenta. Ya kamata masu irin wannan su tuna cewa jifan mace kamila da alfasha ba tare da shaidu 4 ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80, kuma yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Abin mamaki, mutumin da yake faɗin haka da rana shi ne wanda zai zo cikin dare yana rantsuwa cewa namiji ba zai duba matarsa ba, a nemo masa mace. To, daga ina macen za ta fito, idan kowa ya hana 'yarsa, kuma kowa ya zagi 'yar wanda ya bari? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya a 2020 'yan Nijeriya ne, kuma sanannen abu ne cewa abin ya fi tsanani a Arewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Bai kamata jikokin almajiransa su zama masu toshe wa mata ilmin da ake ceton rai da shi ba.

LADAN AIKI

Wahala ta huɗu ita ce ta sakamako. Shekaru da dama kuɗin haɗari da gwamnatin tarayya take biyan ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Wato wannan shi ne abin da aka yanka wa mutumin da yake tsaye gaban Lassa da Ebola. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, amma gwamnatin tarayya, wadda aka yi alkawarin a gidanta, ba ta taɓa cika shi ba. A jihohi da ƙananan hukumomi kuwa jinkirin albashi da tsayawar ƙarin girma ba baƙon labari ba ne.

Sakamakon haka a fili yake. A watan Fabrairu 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya wajen 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. A wannan watan hukumar ta fitar da doka cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 bayan kammala karatu kafin a tantance masa takardunsa na fita, ma'aikata kuma suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yuli 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ɗaukar sababbin ma'aikata, aka janye bayan 'yan kwanaki. Ƙasa ta horar da mutum shekara 3 a makarantar jinya, ko shekara 5 a jami'a, sannan Ingila ko Amurka ko Saudiyya ta ci amfaninsa. Duk wanda ya tafi, gadajensa suna komawa kan wanda ya rage, shi ma ya gaji ya fara neman hanya. Kulle ƙofa ba zai tsai da wannan ba muddin abin da yake korar mutane yana cikin ɗakin.

SAUƘIN DA SHARI'A TA YI MUSU

Da yawa daga cikin ma'aikatan jinya masu tsoron Allah suna damuwa da sha'anin ibadarsu, saboda haka ya kamata su san cewa malamai ba su manta da su ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa jinyar mara lafiya cikin uzurorin da suke halatta barin Juma'a da jam'i, idan babu wanda zai tsaya a madadin mai jinyar kuma ana jin tsoron mara lafiya ya tozarta. Yanke salla domin ceton rai wajibi ne. Wanda aiki ya rutsa da shi yana iya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ya sallace ta, sannan ya kawo La'asar a farkon nata, haka kuma Magariba da Lisha, amma ba a fitar da salla daga lokacinta da gangan. Game da tufa, an yi rangwame a kan jinin da bai wuce faɗin dirhami ba, kuma masu sharhi na mazhabar Malikiyya sun sa mai kula da raunuka cikin waɗanda ake yi wa afuwa kamar mai shayarwa, idan ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen kiyayewa, tare da cewa an so ya tanadi tufa na musamman domin salla. Duba al'aurar mara lafiya da taɓa ta ya halatta saboda larura, gwargwadon larurar, mace ga mace da namiji ga namiji idan an samu, idan ba a samu ba rai ne a gaba.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ya kai ma'aikacin gwamnati, fayil ɗin da yake kan teburinka na albashi ko ƙarin girma ko alawus na ma'aikatan asibiti, haƙƙin mutane ne da suka riga suka yi aikinsu. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Wanda ya danne takarda har sai an ba shi wani abu, da wanda ya karkatar da kuɗin safar hannu da allurar rigakafi, da wanda ya sa sunan ɗan'uwansa a gurbin nas alhali ba ya zuwa aiki, kowannensu yana da kaso a cikin duk ran da ya salwanta a dalilin haka. Wanda kuma ya gaggauta sa hannu domin Allah, yana da kaso a cikin ladan.

Ya kai ɗan kasuwa, Allah ya ba ka abin da za ka rage wannan wahala da shi. Manyan asibitocin Musulmi na dā da wakafi suke tafiya, kamar asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Rijiyar burtsatse a asibitin garinku, ko wutar hasken rana a ɗakin haihuwa, ko katan na safar hannu kowane wata, ko ɗaukar nauyin yarinya ɗaya daga ƙauyenku har ta gama makarantar ungozoma ta dawo, duk sadaka ce mai gudana. Zakka tana da masu ita da Allah ya ambata, ba a gina ɗaki da ita, amma talakan da yake kwance ba shi da kuɗin magani yana cikin masu ita. Idan kuma ka kai naka asibiti, ka bi layi, ka yi sallama, ka yi magana da ma'aikaciyar kamar yadda kake so a yi da 'yarka. Wanda matarsa take wannan aiki ya sani haƙurin da yake yi da aikin darenta shi ma yana cikin tsayawa da farillar.

Ku kuma 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya, duk abin da muka lissafa bai halatta muku wulaƙanta mara lafiya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda yake kwance a gabanku ya fi ku rauni, kuma ba shi ne ya hana ku albashi ba. Daka wa mai naƙuda tsawa ko dukanta zalunci ne, fifita mai kuɗi a kan talaka cin amana ne, haka sayar da maganin da aka kawo kyauta, haka tona asirin abin da kuka gani a jikin mutum ko a takardarsa. Neman haƙƙinku halal ne, amma idan ya kai ga yajin aiki to kada a bar ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa babu kowa, domin wanda zai mutu a ranar ba shi da hannu a rikicin. Ku gyara niyya kowace safiya. Karɓar albashi ba ya ɓata lada idan an nufi Allah, kuma idan gaida mara lafiya na ɗan lokaci yana da falalar da hadisai suka ambata, to ina ga wanda ya kwana a kansa?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan wannan aiki cikin Musulmi, ya saka wa masu yin sa da alheri, ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke kansu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayani a kan ladubban gaida mara lafiya da abin da ya kamata mai jinya ya sani na tsarki da sallar wanda yake kwance. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.